Karayar gwiwar hannu a yara: yadda likitoci ke gyara ƙashin da ya goce

Daga cikin raunukan da ke kai yara sashen gaggawa na asibitoci, kaɗan ne ke sa likitan ƙashi ya ajiye abin da yake yi kamar karayar gwiwar hannu wadda ƙashi ya bar mazauninsa. Ƙashin kansa ba shi ne abin tsoro ba, domin ƙashin yaro yana haɗewa cikin makonni kaɗan. Abin tsoron shi ne maƙwabtansa: babbar jijiyar jini da ke ciyar da hannu, da jijiyoyi uku da ke ɗauke da motsi da jin taɓi zuwa yatsu, duk ta wannan ƙunƙuntar gaɓa suke ratsawa. Abin da aka yi a sa'o'in farko shi ke raba tsakanin yaron da zai koma aji da hannunsa lafiya bayan wata guda, da wanda zai rayu da shanyayyen hannu.

Ƙashin damtse, wato dogon ƙashin da ya taso daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, yana faɗaɗa kuma yana sirancewa idan ya kusa gwiwa. A daidai wurin akwai rami ta gaba da rami ta baya, waɗanda ƙasusuwan sangalin hannu ke shiga idan an lanƙwashe hannu ko an miƙe shi. Tsakanin ramukan biyu ɗan siririn bango ne kawai. A yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 wannan wuri bai gama ƙwari ba, ga jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar suna da taushi, har gwiwar takan miƙe ta zarce ƙa'ida. Idan yaro ya faɗo ya tokare ƙasa da tafin hannu, kan ƙashin sangali yakan daki wannan siririn bango kamar an sa kurfi, sai ƙashin damtse ya ɓalle a saman gwiwa. Wannan ita ce karayar da ta fi kowace yawa a gwiwar hannun yara, sama da rabin dukkan karayar da ake samu a wannan gaɓa. A fiye da kashi 95 cikin ɗari guntun ƙashin da ya ɓalle baya yake komawa, tsinin ƙashin sama kuma ya turo gaba, inda jijiyar jini take.

Sanadin ba ya bambanta sosai daga gari zuwa gari, abin da ake faɗowa daga kansa ne ke canzawa. A Maitama da ke Abuja, lilo ne da sandunan hawa na filayen wasan makarantu da wuraren shaƙatawa irin su Millennium Park, da keke, da gado mai hawa biyu. A unguwannin bayan gari da ƙauyuka bishiyar mangwaro ce a lokacin nunarsa, da katanga, da bayan jaki ko babur. Hannun hagu ya fi yawan karyewa a yaran da ke amfani da dama, saboda shi ake jefawa a kare jiki yayin da na dama ke riƙe da wani abu.

Kafin a isa asibiti

Yaron da ya samu wannan karaya yakan riƙe hannun da ɗayan, ya ƙi yarda a taɓa, gwiwar ta kumbura nan da nan. Idan ƙashin ya goce sosai, hannun yakan yi wani irin karkacewa da ko wanda bai san aikin asibiti ba zai gane ba daidai ba ne. Wani lokaci ana ganin fatar gaban gwiwa ta lotsa kamar an ja ta daga ciki, da ɗan taruwar jini a ƙarƙashinta. Wannan alama ce cewa tsinin ƙashi ya huda tsoka ya iso ƙarƙashin fata, kuma likitoci na ɗaukarta da muhimmanci.

Abin da ake so daga iyaye ko malamin makaranta kaɗan ne. A bar hannun a yadda yaron ya riƙe shi, a tallafe shi da kwali ko ɗan katako mai laushin shimfiɗa, a ɗaure sako-sako da ƙyalle. Kada a ja, kada a murza, kada a lanƙwashe gwiwar da ƙarfi don a rataye hannun a wuya. A cire zobe da awarwaro da agogo da kambu tun kumburi bai kama su ba. Ana iya ba da farasitamol daidai da nauyin yaro. Sai kuma abin da iyaye da yawa ke yi cikin tausayi alhali yana jawo jinkiri: ba yaro abinci ko lemo don ya yi shiru. Idan za a shiga tiyata, ana buƙatar cikinsa ya yi kimanin sa'o'i shida babu abinci kafin a sa shi barci, don haka kowace loma tana ƙara tsawon jira.

Ga mazauna Maitama da kewaye, asibitin gwamnati mafi kusa shi ne Asibitin Gundumar Maitama da ke kan titin Aguiyi Ironsi, wanda ke ƙarƙashin hukumar kula da asibitocin Babban Birnin Tarayya. Akwai kuma Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda ya fara aiki a 1999 kuma yake da cibiyar kula da masu munanan raunuka, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. A Arewa maso Yamma, Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, suna cikin manyan wuraren da ake tura irin waɗannan yara. Tambayar da ta fi amfani a bakin ƙofar kowane asibiti ita ce: akwai likitan ƙashi da zai ga yaron yau? Idan babu, a nemi takardar turawa ba tare da ɓata lokaci ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Abin da likita ke dubawa

Likita nagari yakan fara da yatsu kafin ya kalli hoton ƙashi. Zai taɓa bugun jini a wuyan hannu, ya ji ɗumin tafin hannu, ya danna farce ya saki ya ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu. A fatar baƙin mutum ba a dogara da launin bayan hannu. Farce da tafin hannu ake kallo, idan kuma lalle ya rufe farcen yarinya sai a danna tsokar kan yatsa. Daga nan zai sa yaron ya yi abubuwa uku masu kama da wasa. Ya haɗa kan babban yatsa da na manuniya su yi da'ira. Ya ɗaga babban yatsa sama. Ya ware yatsunsa ko ya harɗe biyu. Kowane motsi yana gwada jijiya guda. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu gocewar ƙashi a wannan wuri yana zuwa da raunin jijiya, kuma wadda ta fi taɓuwa ita ce mai sa a iya yin da'irar nan. Akasarin irin wannan rauni bugu ne ko miƙewa, ba tsinkewa ba, kuma yana warkewa da kansa cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shida. Amfanin rubuta shi tun farko shi ne a san cewa faɗuwar ce ta jawo shi, ba aikin da aka yi daga baya ba.

Hoton gwiwar yaro yana da wuyar karantawa. Yawancin ƙarshen ƙashin guringuntsi ne da ba ya fitowa a hoto, kuma ƙananan ƙasusuwa shida ne ke bayyana ɗaya bayan ɗaya, daga kimanin shekara ɗaya zuwa kimanin shekara 11. Wanda bai saba ba zai iya ɗaukar ƙashi mai tasowa a matsayin karaya, ko ya ɗauki karaya a matsayin ƙashi mai tasowa. Shi ya sa ake ɗaukar hoto biyu, ta gaba da ta gefe, wani lokaci ma a ɗauki lafiyayyen hannun don a gwada.

Rabe-raben da likitoci ke amfani da shi a duniya ya samo asali ne daga wani likitan Amurka, John Gartland, wanda ya wallafa shi a 1959. A mataki na ɗaya ƙashi ya tsage amma bai motsa ba. A na biyu ya karkace baya amma bangon baya yana riƙe, kamar ɗanyen karan da aka lanƙwasa bai rabu ba. A na uku ya rabu gaba ɗaya, guntayen biyu ba sa taɓa juna. A 2006 wasu likitoci suka ƙara mataki na huɗu, na karayar da ba ta da abin riƙo ta gaba ko ta baya, wadda sau da yawa sai a ɗakin tiyata ake gane ta.

Gyaran kansa

Mataki na ɗaya ba ya buƙatar tiyata. Ana sa filasta, wadda mutane suka fi sani da siminti, daga damtse zuwa tafin hannu na kimanin mako uku. A ranakun farko likitoci sun fi son rabin siminti da ke bayan hannu kawai, don a bar wa kumburi wuri.

Ga ƙashin da ya goce, a da ana mayar da shi sannan a lanƙwashe gwiwar sosai a cikin siminti, domin lanƙwasawar ce ke riƙe guntun a mazauninsa. Matsalar ita ce wannan lanƙwasawa, a hannu mai kumburi, tana matse jijiyar jini. Idan aka sassauta don jini ya gudana, ƙashi ya zame. Idan aka matse don ƙashi ya tsaya, hannu ya shiga haɗari. Wata hanyar ita ce a kwantar da yaro a rataye hannun da nauyi na makonni, kamar yadda John Dunlop ya bayyana a 1939, kuma har yanzu tana da amfani inda babu kayan aiki ko kumburi ya yi yawa. Abin da ya warware wannan tsaka-mai-wuya shi ne siraran ƙarafa masu kama da tsinken saƙa, waɗanda aka sa wa sunan likitan Jamus Martin Kirschner, wanda ya fito da su a 1909. A 1948 wani likita mai suna Swenson ya bayyana yadda za a soka su ta cikin fata a riƙe wannan karaya, kuma da aka samu na'urar hoto da ke nuna ƙashi nan take a ɗakin tiyata, hanyar ta zama ita ce ƙa'ida.

Ana sa yaro barci. Likita zai ja hannun a hankali na wasu mintuna har tsoka ta saki, ya gyara karkatar gefe da murɗewa, sannan ya tura guntun gaba da babban yatsansa yana lanƙwasa gwiwar. Idan hoto ya nuna ƙashi ya zauna, sai a soka ƙarafa biyu ko uku masu kaurin kimanin milimita biyu, a lanƙwasa kawunansu a bar su a wajen fata, a rufe da auduga da siminti, gwiwar tana lanƙwashe ƙasa da digiri 90. Babu yanka, kuma yawanci aikin ba ya kai sa'a guda. Likitoci sun daɗe suna muhawara kan inda ya fi dacewa a soka ƙarafan. Idan aka harɗa su, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, riƙon ya fi ƙarfi, amma na ciki yana wucewa dab da jijiyar nan da ke sa mutum ya ji kamar wutar lantarki idan ya bugi gwiwar hannu. Saboda haka da yawa sun fi son su soka duka ta gefen waje, su ware su da kyau, sai idan ƙashin ya ƙi tsayawa.

Ana yanka ne idan ƙashi ya ƙi komawa saboda tsoka ko jijiya ta shiga tsakani, ko ƙashi ya huda fata, ko jini bai dawo hannu ba bayan an gyara. Inda babu na'urar hoto a ɗakin tiyata, likita kan zaɓi ya buɗe ya ga ƙashin da idonsa, kuma wannan ba kasawa ba ce. Sakamakon yakan yi kyau, sai dai tabo da ɗan ƙarin sanƙarewa. Idan ƙashi ya fito waje, ana ƙara wanke rauni a tiyata da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin tetanus.

Maganar lokaci tana rikita iyaye. Idan yaro ya iso da dare, hannunsa da ɗumi, bugun jini yana nan, jijiyoyi suna aiki, ba laifi ba ne a kwantar da shi ana sa ido a yi aikin da safe. Jagororin ƙungiyoyin likitocin ƙashi na Birtaniya da Amurka sun yarda da haka. Amma idan hannu ya yi sanyi, ya koɗe, babu bugun jini, to ba a jiran asuba. Sau da yawa mayar da ƙashin kaɗai ya isa jini ya dawo, idan kuwa bai dawo ba sai a buɗe a duba jijiyar. Tsakanin waɗannan biyu akwai hannun da ba a jin bugunsa amma yana da ɗumi da jini a farce, domin ƙananan jijiyoyi suna zagaye gwiwar suna ciyar da shi. Shi ma ana gaggauta gyara shi, sannan a riƙe yaron a asibiti ana dubawa akai-akai.

Ɗaurin da ya yi tsauri

Tsokokin sangalin hannu suna zaune ne cikin wata jaka mai ƙarfi da ba ta miƙewa. Idan kumburi ya cika ta, ko aka ɗaure ta daga waje, jini ba ya samun shiga, kuma bayan sa'o'i shida zuwa takwas tsoka takan fara mutuwa mutuwar da ba a dawowa. Tsokar da ta mutu takan zama tabo, ta ƙanƙance, ta ja wuyan hannu da yatsu su dunƙule kamar ƙafar shaho. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan a 1881, ya kuma danganta shi da bandeji mai tsauri. Har yau da sunansa ake kiran matsalar.

A nan ne batun masu ɗori ya shigo. Ɗori tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, gidaje ne suka gaje ta, akwai ma masu sarautarta, kuma dalilan da ke kai mutane wurinsu a bayyane suke: kusanci, sauƙin kuɗi, yarda, da tsoron cewa asibiti yanke hannu ake yi. Ƙashin yaro da ya karye a tsakiyar sangali zai iya haɗewa a hannun maɗori, ya miƙe da girma. Gwiwar hannu ba ta yin wannan afuwa. Ja da murzawa ba tare da hoto ba na iya sa tsinin ƙashi ya yanki jijiyar da ya tsallake tun farko, karare ko tsinken gora da aka jera aka ɗaure tam a kan hannu mai ci gaba da kumburi kuwa tamkar an shaƙe shi ne. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun yi rubuce-rubuce da dama a mujallun likitanci game da yaran da aka kawo hannunsu ya riga ya ruɓe bayan irin wannan ɗauri. Yankewar da ake tsoron asibiti saboda ita, sau da yawa a gida aka yanke hukuncinta kwanaki kafin a iso. Simintin asibiti ma yana iya yin wannan ɓarna idan ya matse, don haka alamomin iri ɗaya ne ko wane ne ya yi ɗaurin.

Yaro ƙarami ba ya iya cewa hannunsa ya mutu. Abin lura shi ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kukan da magani ba ya tsayarwa, firgici da rashin natsuwa, da ihu idan aka miƙe masa yatsu a hankali. Yatsu masu sanyi, ko kumburarru, ko waɗanda suka daina motsi, alamu ne na cewa abin ya yi nisa. Jin bugun jini a wuyan hannu ba ya nufin babu matsala. Idan aka ga haka a koma asibiti a wannan sa'a, ko tsakar dare ne. Za a tsaga simintin har zuwa fata, idan bai wadatar ba a shiga tiyata a buɗe jakar tsokar.

Bayan an koma gida

Yawancin yara suna kwana ɗaya ko biyu a asibiti. A gida a ɗora hannun a kan matashi, a riƙa sa yaro ya motsa yatsu, a kiyaye simintin daga ruwa, kuma a hana shi cusa tsinke ko biro a ciki don ƙaiƙayi. Zazzaɓi, wari, ko ruwa da ke fitowa ta simintin na iya nufin bakin ƙarfen ya kamu da ƙwayar cuta, abin da yawanci ke warkewa da magani da cire ƙarfen. Bayan mako uku zuwa huɗu ake zare ƙarafan a ɗakin ganin likita, cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da sa barci ba.

Hannun zai fito a sanƙare, kuma a nan iyaye kan yi kuskure na biyu: a kama a miƙe da ƙarfi, ko a ba yaro bokitin ruwa ya riƙa ɗauka, ko a kai shi a yi ta gasawa ana murzawa. Tilasta gwiwar yaro na iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, sanƙarewar ta zama ta dindindin. Yaro da kansa, ta wasa da cin abinci da sa riga, yakan dawo da yawancin motsin cikin mako shida zuwa wata uku, ragowar kuma ya ci gaba da dawowa har shekara. Kaɗan ne ke buƙatar sashen gashin ƙashi. Hawa bishiya da ƙwallo su jira izinin likita.

Idan ƙashi ya haɗe a karkace, sakamakon da aka fi gani shi ne hannun da ke lanƙwasawa ciki idan an miƙe shi, mai kama da gindin bindiga. Ana yawan ce wa iyaye zai miƙe idan yaro ya girma. Ba ya miƙewa, domin kashi 20 cikin ɗari kacal na tsawon ƙashin damtse ke fitowa daga ɓangaren gwiwa, sauran daga kafaɗa ne, don haka wurin ba shi da ƙarfin gyara kansa. Hannun yakan yi aiki, amma gyara kamanninsa sai an sake yanka ƙashin an daidaita, aikin da ya fi na farko girma da tsada. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma Babban Birnin Tarayya yana da nasa shirin. Iyalin da ke da rajista su nuna katinsu tun a sashen gaggawa, su tambayi abin da ya ƙunsa.

Akwai wasu karaya biyu da suka cancanci ambato. Ta biyu a yawa ita ce ɓallewar gefen waje na ƙarshen ƙashin damtse. Tana da yaudara: kumburi kaɗan, hoto kamar ba komai, alhali tsagar ta shiga cikin gaɓa. Idan ta goce fiye da milimita biyu ana riƙe ta da ƙarfe, idan ba ta kai ba a sa siminti a sake hoto cikin mako guda, domin takan zame daga baya. Wadda aka yi sakaci da ita na iya ƙin haɗewa, hannu ya karkace waje, bayan shekaru ƙaramin yatsa da na kusa da shi su fara mutuwa. Ɗayar ita ce ɓallewar ɗan tudun ƙashi na gefen ciki, wadda ta fi samun yara 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma kusan rabinta tare da gocewar gaɓar take zuwa. Idan guntun ya faɗa cikin gaɓa dole a buɗe a fito da shi.

Ba kowane yaron da ya ƙi motsa hannu ne ya karye ba. Ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu da aka fizgo ta hannu wajen tsallaka titi, ko aka ɗaga shi da hannu ɗaya, yakan saki hannun a gefe ba tare da kumburi ba. Wata 'yar jijiya ce ta zame daga kan ƙashin sangali, kuma likita na mayar da ita da murɗawa guda, yaron ya koma wasa cikin mintuna. Amma idan faɗuwa aka yi, ko akwai kumburi, ba a gwada wannan murɗawa sai an ga hoto.